Wata bakwai da wuƙar maƙerin cikin birni

Sana'ata kilishi. Shekara 26 ke nan ina yanka nama a Tudun Wadan Zariya, tun ina yaron shago mai wanke faranti har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Wanda bai taɓa yin kilishi ba yakan ɗauka duk sirrin yana cikin labu, wato haɗin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro da barkono. Labu yana da nasa matsayi, amma kafin a kai gare shi sai an bi ta bakin wuƙa. Tsokar cinyar sa za ka ɗauka, ka riƙa warware ta kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa ɗaya mai tsawon kamu biyu ko fiye, ba huji, ba inda ya fi wani kauri. Inda ya yi kauri ba zai bushe tare da sauran ba, shi ne zai fara wari. Inda ya huje kuwa, da ka ɗaga daga kan kara sai ya yage. Saboda haka maganar wuƙa a wurina maganar abincin iyalina ce.

Wuƙaƙen da na saba saye iri biyu ne. Akwai farare masu sheƙi, 'yan waje, waɗanda ake samu a kasuwar Sabon Gari naira 2,500 zuwa 3,000. Ba sa tsatsa, wannan gaskiya ne, amma ƙarfensu taushi gare shi. Ka wasa, ka yi yanka goma, bakin ya kwanta, ka koma kan dutse. Akwai kuma na maƙeranmu, baƙaƙe, na sifirin mota. A cikinsu na taɓa samun wadda ta yi mini shekara huɗu har ta sirance kamar tsinke, na kuma taɓa samun wadda ta ɓalle gida biyu ranar da na saye ta, da ta daki ƙashin haƙarƙari. Hannu ɗaya ne ya ƙera duka biyun. Abin da ya daɗe yana damuna da wuƙar gida ke nan: sa'a ce, ba ka san abin da ka saya ba sai ka ɗora ta a kan nama.

Ɗan ƙanwata da ke walda a Kwangila shi ya fara ba ni labarin wani matashin maƙeri da ke zuwa wurinsu a yanka masa sifirin da inji. Ya ce, "Kawu, wannan yaron wuƙar da ya ƙera da hannunsa yake lanƙwasawa da gangan." Ban gane ba, sai na ce ya kai ni.

Maƙerar tana cikin birni, idan ka shiga ta Ƙofar Doka ka yi 'yar tafiya cikin lungu. Rumfar kwano ce a gefen zauren gidansu. Ɗan gado ne, bai wuce shekara talatin ba, kuma ya yi boko har difloma. Zuga-zugin fatar akuya na mahaifinsa na nan rataye a bango, shi kuwa da wilin keke yake hura wuta, yaro na juyawa. Uwar maƙerarsa guntun tsohon ƙarfen dogo ne da ya gada wurin kakansa. Gawayin ƙirya yake amfani da shi kamar yadda maƙera suka saba, don ya fi riƙe wuta. Ga masaɓa, ga awartaki, ga magagari kala-kala, sai wani ƙaramin injin wasa ƙarfe. Amma abin da idona ya fara sauka a kai wasu wuƙaƙe huɗu ne a jere a jikin bango, kowace a lanƙwashe kamar lauje, ɗaya ma ta rabu biyu an ɗaure guntayen da waya.

Na ce, "Ɗana, waɗannan fa, lalacewa suka yi?"

Ya ce, "A'a Baba, jarrabawa suka zauna. Biyu sun ci, biyu sun faɗi."

Nan ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini bayani, har da nuna mini bidiyo a wayarsa. A Amurka akwai ƙungiyar maƙeran wuƙa da ake taƙaita sunanta da ABS. An kafa ta a 1976, kuma jagoran kafa ta wani maƙeri ne na jihar Maryland mai suna Bill Moran, wanda ya rasu a 2006. A lokacin ƙirar wuƙa da wuta da masaɓa ta kusa mutuwa a can, inji ya cinye sana'ar. Sai suka tsara wa kansu matakai uku: ɗan koyo, sai wanda aka yaye, sai gwani na ƙarshe. Wanda aka yaye shi ke da iznin buga haruffan JS a jikin wuƙarsa, gwani kuma MS. Ba a yaye mutum sai ya yi shekara uku yana ɗan ƙungiya, ko biyu idan ya yi kwas a makarantar da suka amince da ita, irin wadda suka buɗe a 1988 a wani ƙaramin gari mai suna Washington a jihar Arkansas, ba Washington babban birni ba.

Ita jarrabawar kashi biyu ce. Da farko ka ƙera wuƙar gwaji guda, tsawon ƙarfenta kada ya wuce inci 10, duka da mariƙi kada ta wuce inci 15, faɗinta kada ya wuce inci 2. Ka kai ta gaban gwani mai MS. A gabansa za ka sare igiya mai kaurin inci ɗaya tana reto, da sara guda. Ka datse katakon nan da kafintoci ke kira tubaifo har sau biyu. Bayan wannan, ba tare da ka wasa ba, wuƙar ta aske gashin hannu. Daga nan a matse tsininta a ƙarfen matsi, a lanƙwasa ta digiri 90, kamar kusurwar ɗaki, kada ta karye. Idan ka tsallake, sai kashi na biyu: ka kai wuƙaƙe biyar gamammu gaban alƙalai, su duba kyan aiki da daidaito. Wurin da aka fi sani da wannan zama shi ne babban baje kolin wuƙaƙe da ake yi a Atlanta, jihar Jojiya, a watan Yuni. Mai neman MS kuwa sai ya ƙara shekara biyu, kuma wuƙarsa ta gwaji sai ta kasance ta ƙarfen da aka yi ta ninkawa har ya zama falle 300 ko fiye.

Ya gama, sai ya dube ni ya ce, "Baba, ni ba ni da wannan shaida, kada wani ya ce maka ina da ita. Dokokinsu kawai na karanta, nake gwada kaina." Wannan magana ta shige ni. Da ya so, da ya buga JS a jikin ƙarfe, wa zai tuhume shi a Zariya?

Na ce gani ya kori ji, ina so a yi a gabana. Ya sa mini Asabar mai zuwa da hantsi.

Ranar na zo da ɗan ƙanwata. Mahaifin maƙerin, dattijo mai furfura, yana zaune a bakin zaure da carbi. An ɗaura igiyar rijiya mai kauri a jikin azara, ya auna ta da tef ya nuna mini inci ɗaya cif. Ya ja da baya, ya yi bisimilla, ya kai mata sara a karkace. Guntun ya faɗi ƙasa, sauran igiyar ko motsin kirki ba ta yi ba. Sai katako. Ya ce na Amurka mai taushi ne, namu na 'yan katako ya fi shi tauri, amma da abin da muke da shi za mu yi. Nan ya sha wuya, gumi har yana ɗiga daga haɓarsa, ɓaraguzai na tashi. Ya datse sau ɗaya, ya matsa gaba ya sake datsewa. Ya ɗaga wuƙar wajen haske, ya bi bakin da farcen babban yatsa daga gindi har tsini yana neman inda ya ɓantare ko ya kwanta. Babu. Zai aske hannunsa na hagu sai na ga ba sauran gashi a wurin, duk ya aske shi wajen gwaje-gwajen baya. Na naɗe hannun rigata na miƙa masa nawa. Ya ɗora bakin a hankali ya ja, na ji sanyin ƙarfe, gashin ya taru a bakin wuƙar, fatar ta fito tas ba ko ƙwarzane.

Lanƙwasawar ce ta tsayar mini da numfashi. Ya matse kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfen daga tsini, ya zura bututun ƙarfe a mariƙin don ya sami ƙarfin ja, ya sa tabarau, ya ce mu matsa gefe. Ya fara ja a hankali, ba fizga. Wuƙar da ta aske ni yanzun nan tana ta rusunawa. Dattijon ya daina jan carbi. Can wajen ƙarshe muka ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Ya ci gaba har ta kai kusurwa, sannan ya saki. Ta ɗan dawo, ta tsaya a lanƙwashe. Muka duba, sai ga 'yar tsaga a baki, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya ce dokar ta yarda baki ya ɗan tsage, abin da ba ta yarda ba shi ne tsagar ta ci jikin wuƙar ko ta rabu biyu.

Na tambaye shi yadda ƙarfe ɗaya zai yi taurin aski kuma ya yi taushin lanƙwasa. Ya ce ai ba tauri ɗaya ba ne a jikinta. Idan ya gama ƙira, yakan mayar da ita wuta ya bar ta ta huce a iska har sau uku, don ƙwayar ƙarfen ta yi laushi. Sannan ya zuga ta yana taɓa ta da mayen ƙarfe. Ƙarfe idan zafinsa ya kai wajen digiri 770, maye ya daina kama shi. Da ya ga haka sai ya ƙara mata wuta kaɗan, ya tsoma bakin kaɗai cikin man gyaɗa mai ɗumi, bayan wuƙar yana waje. Baki ya yi tauri, baya ya zauna da taushinsa. Ya goga magagari a bakin: idan ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ta sha, idan ya ci, ba ta sha ba. Daga nan sai ya gasa ta a ƙaramin tanda wajen digiri 200, awa biyu, sau biyu, har ƙarfen ya ɗauki kalar busasshen karan dawa. Wannan gashin shi ke cire mata gautsi. Ya ɗauko waccan da ta rabu biyu ya nuna mini cikin karayar: ƙwayar manya-manya, tana ƙyalli kamar sukari. Ya ɗauko wani guntu da ya karya da gangan, cikinsa sumul kamar toka. Ya ce ta farkon wuta ce ta yi mata yawa. Na tuna wuƙata da ta ɓalle a kan haƙarƙari. Shekara da shekaru ina cewa rashin sa'a ne.

A ranar na ba da aikin tawa. Naira 38,000, har da kube. Na san wani zai ce da wannan kuɗin ai sai ka sayi farare goma sha biyu. Haka ne, ni ma sai da na kwana biyu ina juya abin. Mai saye kuma ya sani cewa ba wadda aka gwada za a ba shi ba, ita kam ta gama aiki, bango za ta koma. Abin da zai samu 'yar'uwarta ce: sifirin ɗaya, wuta ɗaya, hannu ɗaya.

Yanzu in faɗi inda ban ji daɗi ba. Ya ce mako uku, sai da ta yi takwas. Sau biyu ina hawa Keke Napep har cikin birni in tarar ba ta gamu ba, wai rashin wutar lantarki ya hana injin wasawa aiki. Na yarda da uzurin, amma ɗaga waya bai buƙatar lantarki mai yawa, kuma na faɗa masa haka a gaban mahaifinsa. Mai sana'a idan zai saɓa alkawari ya kira tun kafin ranar.

Babbar matsalar kuwa sai da na kai ta shago ta bayyana. Wuƙa ce kyakkyawa, tsawon ƙarfenta inci 9, ƙarfen ya zarce har ƙarshen mariƙi, an rufe shi da itacen maɗaci da ƙusoshin tagulla uku. Kaifi kuwa ba a magana. Amma da na sa ta a tsoka sai na ji tana turewa. Bayanta ya yi kauri. Wuƙar kilishi tana tafiya ne a kwance cikin nama, tana buɗe shi kaɗan-kaɗan. Idan jikinta ya yi kauri sai ta riƙa ɗaga naman tana yaga shi kafin baki ya iso. Shimfiɗa uku na huda a safiyar nan. Hannunsa ya saba da wuƙar da za ta sare katako, ya ƙera mini irinta. Jarrabawar Amurka ta san ƙarfe, amma ba ta san kilishi ba.

Abin da ya yi bayan na kira shi, shi ya sa nake wannan rubutu. Bai yi musu ba. Washegari bayan sallar asuba sai ga shi a shagona, lokacin yarana sun dawo da nama daga mayankar Zango. Ya zauna a kan buhun gawayi kusan awa biyu yana kallon hannuna. Ya karɓi tsohuwar wuƙata da ta sirance, ya lanƙwasa ta da yatsa, ya auna kaurinta. Ya ce in ba shi tsoka ya gwada da kansa, ya huda ta nan take, ya ce, "Baba, yanzu na gane." Ya tafi da wuƙar, bayan kwana biyar ya dawo da ita ya rage mata kusan rabin kauri, ya kuma sassauta tsinin ya ɗan yi ciki. Ko kwabo bai ƙara mini ba.

Wata bakwai ke nan tana hannuna. Da asuba nakan shafa ta a dutse mai laushi, sau biyar ko shida kowane gefe, in goga a fata. Shi ke nan har in gama cinya biyu. Da farar wuƙa kafin in gama cinya ɗaya na koma kan dutse ya fi sau goma. Tafiyarta cikin nama ma dabam ce. Nakan ɗora tafin hannun hagu a kan tsoka, wuƙar na bi ta ƙarƙashi, ina jin wucewarta a fatar hannuna kamar inuwa, naman na sauka a kan tebur ba tare da na danna ba. Idan na ɗaga shimfiɗar wajen hasken safiya ina ganin yatsuna ta cikinta, daga wannan gefe har wancan kauri ɗaya. Naman da nake asara wajen huji ya ragu sosai, kuma ciwon wuyan hannu da ke tashe ni da dare ya yi sauƙi, don ba na yin kokawa da nama. Da Babbar Sallah na feɗe raguna shida da ita, namu da na maƙwabta, ban taɓa dutse ba sai a na huɗu.

Tana da halinta da sai an jure. Baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa. Wani yarona ya wanke ta ya bar ta a jiƙe ta kwana, da safe ta yi ja kamar an barbaɗa mata barkono. Sai da toka da tsumma na fitar. Yanzu doka ce a shagon: a wanke, a goge, a shafa man gyaɗa. Jini da albasa sun sauya mata kala zuwa toka-toka mai duhu, wannan ba ya cutar da komai. Mariƙin ya yi santsi da yawa, idan kitse ya taɓa hannu yana zamewa, sai da na naɗa masa zare. Kuben da baduku ya ɗinka ya saki tun wata na biyu. Kuma ba ta ƙashi ba ce. Tun da aka rage mata kauri ya gargaɗe ni kada in sara da ita. Matar gida da ke son wuƙar da za ta jefa cikin kwanon wanke-wanke ta manta, ta sayi fara, za ta fi mata.

Ranar da na je biyan cikon kuɗi na zauna da dattijon. Na ce, "Malam, me ka gani game da wannan jarrabawa ta Turawa?" Ya ce su a zamaninsu uba ke yaye ɗa, manomi kuma shi ne alƙali: fartanya idan ta karye a gona, a kafaɗa zai dawo da ita har ƙofar gidanka, unguwa duka ta gani. Da farko, in ji shi, ya ɗauki abin da ɗansa ke yi almubazzaranci, a ɓata gawayi da ƙarfe da kwana uku sannan a lanƙwasa. Amma ya lura tun da yaron ya fara haka ba a dawo masa da aiki don ya karye ba. Ya ƙara da cewa ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Gaskiya ya faɗa, don masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin wuraren narka tama a yammacin Samaru, tun na zamanin da ba a san sifirin mota ba.

Shi matashin burinsa ya je ya zauna jarrabawar ta gaske. Hanyar da nisa: kuɗin ƙungiya da dala ake biya, ga shekarun jira, ga biza, ga jirgi, kuma gwajin ba ya karɓuwa sai a gaban mai MS. Ya ce a Afirka ta Kudu akwai waɗanda suka kai wannan mataki, can yake hange. Ina yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya, Allah ya kai shi. Amma ni da zan sami yadda nake so, da Sarkin Maƙera da dattawan sana'ar sun zauna da irin waɗannan matasa sun tsara gwajin da ya dace da mu. A bar igiya da katako da lanƙwasa, don suna tona asirin ƙarfe. A ƙara da tsokar cinya a hannun mai kilishi, da fata a hannun baduku, da kara a hannun manomi. Wanda ya ci a ba shi alamar da zai buga, mai saye daga Giwa ko Soba ya gani ya san abin da ya saya.

Makon jiya na koma na ba da aikin barho na sara ƙashi, na ajiye kafin alƙalami naira 15,000. Na roƙe shi ya sayar mini da lanƙwasasshiyar nan da ta aske ni in rataye a shago, ya ce in yi haƙuri, yana duba tsagarta duk lokacin da zai tsoma sabuwa a mai. Wannan karon na ce a yi wa mariƙin tsaga-tsaga don kitse, kube kuma a kai wa wani baduku. Ya ce mako huɗu, ya rubuta ranar da gawayi a jikin bango, ƙarƙashin wuƙaƙen nan da yanzu suka zama biyar.